Masu Kaurin Murya a Daren Karaoke na Abuja

A Wuse II da Maitama da Jabi har zuwa Gwarinpa, akwai wuraren shaƙatawa da suke ware dare guda don karaoke. Na'ura ta saki kiɗa, baitoci su riƙa gudu a allon talabijin, wanda ya ji zai iya ya miƙe ya karɓi makirufo. Wani Bajapane mai suna Daisuke Inoue ne ake danganta wa ƙera na'urar a birnin Kobe a 1971. Bai yi mata rajistar mallaka ba, don haka dukiyar ta wuce shi. Abin da ya samu shi ne kyautar barkwanci ta Ig Nobel a 2004, ɓangaren zaman lafiya, wai don ya koya wa mutane haƙuri da juna. Duk wanda ya taɓa zama a irin wannan dare har ƙarfe ɗaya ya san alƙalan ba su yi son kai ba.

Wanda ya fi ba ni tausayi a wurin shi ne namiji mai kaurin murya. Allah ya yi masa baiwar da in ya yi gyaran murya a ofis masinja zai miƙe tsaye, amma waƙoƙin yayi, musamman namu na finafinan Kano, an gina su ne kan siririyar murya da aka tace a kwamfuta. Sai ya rasa inda zai sa kansa.

Irinsu kala-kala ne. Mu fara da Mai Taurin Kai. Shekarunsa sun kai arba'in da biyar, wuyansa ya cika kwalar riga, kuma ya rantse sai "Jaruma" ta Hamisu Breaker, wadda ta cika gari a 2020 lokacin kullen korona. Baitin farko lafiya lau. Da aka zo inda muryar za ta hau sama sai jijiyoyin wuya su fito, ido ya yi ja, hula ta karkace, abin da zai fita kuma ya zama kukan injin markaɗe da aka ɗura wa tsakuwa. A jikin na'urar akwai maɓallin da ke sauko da kiɗan ƙasa mataki-mataki, biyu ko uku sun ishe shi ya tsira da mutuncinsa. Amma ka ce masa a danna, zai dube ka ya ce shi ba yaro ba ne. Da zai ji shawara, da ya ɗauki "Ye" ta Burna Boy, wadda mai ita ma daga ƙasan maƙogwaro yake rerawa.

Sai Darakta Mai Ritaya, wanda shi kaɗai ya san kansa. Tun yana ƙaramin ma'aikaci a Kaduna yake jin Don Williams da Jim Reeves a kaset, kuma bai ga dalilin sauya sheƙa ba don kawai ɗaya ya rasu a 2017, ɗayan tun 1964 a haɗarin jirgin sama. Ba ya kallon allo, ba ya rawa, hannu ɗaya a aljihun kaftani. Muryarsa tana zama daram cikin waƙar. Aibinsa guda ne: waƙa ɗaya ce tak, ita ce ta makon jiya, ita ce ta makon gobe, har masu kai abinci sun haddace inda yake lumshe ido. In ana son a faɗaɗa masa, a ba shi Bongos Ikwue, mutumin Otukpo da ya rera waƙar buɗe shirin "Cock Crow at Dawn" na NTA. Zai yi ta, sannan ya ba ka labarin yadda albashi yake da albarka a lokacin.

Hadimin Ɗan Siyasa ba waƙa ta kawo shi ba. Da makirufo ya shiga hannunsa sai ya fara da mai girma shugaban taro, alhali ba taro ba shugaba. Ya gai da Yallaɓai da ke teburin kusurwa, ya gai da Hajiya, ya isar da gaisuwar maigidansa da wani uzuri ya hana shi zuwa, ya nemi afuwar duk wanda bai ambata ba. Kiɗan yana ta tafiya, baitoci suna wucewa a allo babu mai kula su. Kafin ya kammala, waƙar ta ƙare, ya yi godiya, a tafa masa. Wannan Barry White ne ya dace da shi, don shi ma marigayin yakan daɗe yana magana cikin kauri kafin ya fara rerawa.

Alhajin Kwangila kuwa wata na takwas ke nan yana safa da marwa tsakanin masaukinsa da Sakatariyar Tarayya, fayil ɗinsa na kan teburin wani da ya yi tafiya. Shi "My Way" ta Frank Sinatra yake nema, waƙar mutumin da ya yi rayuwa yadda ya ga dama, kuma yana yin ta da ƙwalla a ido. Waƙar tana karɓar kakkaurar murya da farko, ta yaudare ka, sai a ƙarshe ta haura inda numfashi ba ya kaiwa. A Filifin an sha faɗa har da kisa a kanta, wasu wurare suka cire ta daga jeri. A Abuja abin bai kai nan ba, iyakarta a kira mai kawo lissafi.

Ɗan Indiya ya yi ƙuruciyarsa a silimar Plaza da El Dorado a Kano. Bai san ma'anar kalma ɗaya ta waƙoƙin Indiya ba, amma babu harafin da zai kuskure. Matsalarsa ita ce yana yin ɓangaren Kishore Kumar, ya juya ya yi na Lata Mangeshkar, duk shi kaɗai, har da rufe fuska da gefen babbar riga. A nema masa Hemant Kumar, ko waƙoƙin da Amitabh Bachchan ya rera da bakinsa a fim ɗin Silsila na 1981, a huta.

Akwai Ɗan Rakiya. Lemo yake sha, ya zauna kusa da ƙofa, ya faɗa wa kowa cewa shi aboki ya rako, kuma kar a ɗauki hoto. Sau uku ana miƙa masa makirufo yana cewa a'a wallahi. A na huɗu ya karɓa, sai ga shi duk ɗakin babu mai muryarsa. Daga nan kuma sai an kashe wuta za a karɓe.

Na ƙarshe shi ne wanda na fi so, Ɗan Shata. Yakan je wurin yaron da ke kula da na'ura ya ce, "Kai samari, sa mini Bakandamiya." Yaron ya duba, ya sake dubawa, ya ce, "Oga, babu." To Ɗanƙwairo fa? Babu. Ɗan Anace? Yaron ya tambaya ko sabon mawaƙi ne. Ba laifin yaron ba ne, ba kuma na Inoue ba. Waƙar Shata ba ta da layin da aka ƙayyade wanda allo zai bi. Shi yake jan kalangu, ba kalangu ke jan sa ba, ya tsaya inda ya so, ya ƙara abin da ya gani a wurin, 'yan amshi su karɓa. Na'ura kuwa ba ta jira kowa, ba ta kuma yin amshi. Don haka Ɗan Shata sai ya ce a kashe ta. Ya naɗa Alhajin Kwangila da Ɗan Rakiya 'yan amshi, ya ba Mai Taurin Kai tebur ya riƙa bugawa, ya buɗe murya. Nan take za ka ga kaurin da ya zama nauyi ga kowa ya sami wurin zama, har Darakta ya ciro sababbin 'yan ɗari biyar-biyar zai yi liƙi, sai ya tuna EFCC na kama masu yi, ya mayar aljihu. Manaja ya fito da niyyar tsawatarwa, ya tarar Hadimi ya riga ya karɓi ɗaya makirufon ya zama sanƙira, yana sanar da kyautar mota daga maigidansa, wadda za a kawo bayan zaɓe.