Wawan Turawa a Hannun Yaro

Cikin duk hotunan da ake bai wa yara su shafa wa kala, babu mai sauƙin kai kamar wawan wasan Turawa, mai jan hanci da takalman da suka fi ƙafarsa. Yaro ya yi wa zaki koren gashi, malama ta gyara masa. Ya yi wa wawa, sai a ce ya iya. Tun da wawan wasa Joseph Grimaldi ya shafe fuskarsa da fari a dandalin Landan a farkon ƙarni na 19, wuce gona da iri ne sana'ar, don haka kalar da ta tsallake layi ma tana cikin aikin.

Za a ce ai yara tsoron wawan suke ji. Gaskiya ne: a 2008 masu bincike a Jami'ar Sheffield sun tambayi yara sama da 250 game da adon bangon asibiti, suka tarar ba sa ƙaunar hotonsa. To, amma na bango manya ne suka liƙa shi, yaro yana kwance ba shi da ta cewa. Na takarda kuwa fensir yana hannun yaron. In murmushin ya dame shi, ya mulke bakin da baƙi, ya buɗe shafi na gaba.