Motar Lantarki da Hukuncin Ƙasaru

Tun da aka janye tallafin mai a 2023, dattawan Limawa, waɗanda ba su rasa mas'alar tattaunawa bayan La'asar, suka ƙwallafa rai ga motar lantarki, wadda aka ce ba ta shan fetur, jona ta ake yi kamar wayar hannu. Sai dai wanda ya baro Dutse da nufin Kano, cajinsa ya ƙare a Wudil alhali an ɗauke wuta, lalle ya nemi fatawa: ƙasaru zai ci gaba da yi, ko ya ƙulla niyyar zaman kwana huɗu ya cika sallarsa? Wani ya ce a tayar mata da janareto. Liman ya tambaya, cikin natsuwa, shi kuma me yake sha.