Wasiƙa daga Garin da Mage ba ta Tashi wa Kowa

Yaya,

Ya Inna da ƙafa, ya yaran, ya kuka ji da zafi? Mu nan Istanbul lafiya lau, sai kewa. Maganar fili da ta lefen Auta mun ƙare su a waya, abin da Kawu ya yanke shi ke nan, ba zan cika takarda da su ba. Kayan mutanen Kwari sun tashi, kuɗin haya ya sake hawa, Maman Ummi kuma jiki ya yi nauyi, kin dai gane, garin nan kuwa duk hawa da gangara ne, don haka tana gida tana hutawa.

Kin sha yi mini gorin na kulle miki 'ya a bene, ba ta san komai a garin ba sai hanyar makaranta. To, ranar Lahadi, da yake shagunan Laleli a rufe suke, na ce yau gori zai ƙare. Na tsara mana hanya: fadar Topkapi, masallacin Ayasofya, sannan mu tsallaka ruwa zuwa ɓangaren Asiya. Ummi, takwarar Inna, ita ma ta yi nata shirin. Ta fito da ɗan hijabinta da jakar goyo, a cikin jakar babu ruwa babu biskit, sai ƙunshin abincin mage da ta saya da kuɗinta a kantin ƙasan gidanmu.

Eh, abincin mage. Gyara zama, Yaya, ki yi a'uziyya tun yanzu, domin ke da kyanwa ke ratsa tsakar gida da dare ki tashi mutanen layi da Ayatul Kursiyyu, wasiƙar nan ba za ta zo miki da sauƙi ba. A garin nan mage ba ta da ubangida, amma kowa baranta ne. Kowane lungu da kwanon ruwa da na abinci a bakin ƙofa. In sanyi ya shigo sai ki ga 'yan gidajen katako an jera a gefen titi, wasu har da bargo a ciki, wasu na hukumar gari, wasu maƙwabta ne suka haɗa. Hukumar kan kama su ta yi musu allura, ta fiɗiye su, ta dawo da kowacce unguwarta. Mahaucin layinmu ba ya sallamar ɗan Adam da safe sai ya fara yanka musu hanta. Da idona na ga dattijo mai furfura, cikin kwat, yana shan shayinsa a tsaye, ga kujerarsa nan muzuru ya hakimce a kai, kuma bai ga abin magana a ciki ba. A tashar jirgin ƙasa in mage ta kwanta a kan na'urar da ake ɗora kati a wuce, sai layi ya koma ta gefe. Ko a sitona ban tsira ba. Wata jar mage ta zaɓi dilar wani Alhaji ta mai da ita wurin ƙailula, ɗan dako, ƙaton Baturke mai gashin baki, ya harɗe hannu ya ce ba zai ɗaga ba sai ta tashi don kanta. Mota na jira, direba na jira, Alhaji na ta kira daga Kano. In kin ji ana cewa kayan Turkiyya sun makara a Kwari, kada ki zargi kwastan, hajiyar ce ba ta gama barci ba.

Daga ƙofar gida zuwa tasha ba wani nisa, amma sai da hantsi ya dubi ludayi muka isa, saboda 'yarki sai ta gaisa da kowacce. Ta san mai jego, ta san mai ido ɗaya, ta san wadda ba ta ga maciji da ta gidan wanki da guga. Ta durƙusa ta zuba musu, ta tambayi kwana, ta tambayi yara, da Turkanci kuma, wai ba sa jin Hausa. Gaisuwar da Kawu yake roƙo a waya bai samu ba, ga ta nan ana rabawa kyauta a bakin kwata.

Da kyar muka kai Topkapi. Sultan Muhammadul Fatih ne ya gina fadar bayan ya ci garin a 1453, sarakunan Daular Usmaniyya kuma suka zauna cikinta kusan shekara 400. Ke da ba kya tashi daga gaban fim ɗin Ertugrul ko tuwo na ƙonewa, to jikokinsa ne. Na ɗaga Ummi na nuna mata lu'ulu'un nan mai karat 86 da ake layi don a gani. Ta kalle shi sau ɗaya ta ce, to ina magen sarki take kwana?

Amma akwai ɗakin da wasa ya tsaya. A cikin fadar ne ake ajiye kayan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, waɗanda suka fara zuwa garin bayan Sultan Salim ya ci Masar a 1517. Ga akwatin zinare da mayafinsa ke ciki, ga takubbansa da bakansa, ga gashin gemunsa mai albarka, ga takubban sahabbai. A gefe alaramma na zaune yana tilawa, kuma karatun ba ya yankewa dare da rana, wannan ya tashi wancan ya zauna. Yaya, Baba na tuna. Kin san shi, ko a rediyo aka ambaci sunan Annabi sai ya ajiye abin da ke hannunsa. Da a ce ya ga ɗakin nan, sai an ɗauko shi a fito da shi. Ummi ta ɗaga kai ta dubi fuskata, ba ta tambaye ni komai ba, sai kawai ta kama Salatin Ibrahimiyya da ƙarfinta, tun daga farko har ƙarshe, babu tuntuɓe ko ɗaya. Mutane suka waiwayo. Wata tsohuwa ta dafa kanta tana ta Masha Allah. Wannan shi za ki fara gaya wa Inna, kafin zancen maguna.

Azahar a Ayasofya muka yi ta. Sarkin Rumawa Jastiniyan ne ya kammala ginin a shekarar 537 a matsayin coci, ya koma masallaci a 1453, aka mai da shi gidan tarihi a 1934, sannan a 2020 aka dawo da salla cikinsa. Ƙubbarsa da za a kife ta a kan gidanmu, sai ta haɗa da gidan maƙwabta da bishiyar darbejiyar ƙofar gida. A sama an rataye manyan alluna zagayayyu guda takwas da sunan Allah, da na Annabi, da halifofi huɗu, da Hasan da Husaini. 'Yarki ta karanta biyun farko da kanta, kafin wata tokar mage ta biyo kan koren kafet ta ratsa sahu a hankali, kowa na janye ƙafa yana ba ta hanya. Shi ke nan, tarihi ya ƙare.

Wani dattijo da ke kusa da mu ya ga abin da ya ɗauke mata hankali, ya matso ya ba ta labarin Gli, magen da ta rayu a cikin ginin nan tun 2004. Lokacin da Obama ya zo a 2009, sai da ya sunkuya ya shafa ta. Da ta mutu a 2020, gwamnan Istanbul da kansa ne ya sanar. Gwamna fa, Yaya! Ummi ta yi jugum, ta ce, "Abba, mun je gaisuwa?" Na ce lokacin ba mu zo ba. Ta ce to ai gaisuwa ba ta tsufa. Wannan kam bakinki ne, ban san yadda aka yi ya tsallako teku ba.

Na tambayi dattijon dalilin duk wannan hidima. Ya ce gari ne na jiragen ruwa da gidajen katako, tun kaka da kakanni mage ce ke tsare musu hatsi da littattafai daga ɓera, ba za su manta alheri ba. Sannan ya tuna mini hadisin matar da ta shiga wuta saboda magen da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ta nemi abinci ba. Mun karanta shi a Islamiyya, ni da ke, a kan tabarma ɗaya. Amma a layinmu yara na jifan mage manya na zaune ba mai tsawatarwa, in baƙa ce ma sai a ce ba mage ba ce. A wannan Turkawa sun fi mu gaskiya, ko kin yarda ko ba ki yarda ba.

Daga nan muka gangara Eminonu. A kan gadar Galata masunta jere da ƙugiyoyinsu, bayan kowane masunci da mage zaune tana jiran zakka, kuma ana fitarwa. Mai askirim ya miƙo wa Ummi da doguwar sandarsa, ta kai hannu ya janye, ya juya shi sama ya juya ƙasa, haka suke tsokanar yara. Ita kuwa ta rungume hannu ta ɗaure fuska ta zuba masa ido har ya gaji ya ba ta, da ƙari. Hararar ma taki ce.

Muka shiga jirgin ruwa zuwa Kadikoy. Cikin kamar minti 20 ka bar Turai ka shiga Asiya, kana shan shayi a ɗan kofin gilashi. Na saya mata simit, burodin nan mai kamar zobe da ake barbaɗe da riɗi, ta guntsa sau ɗaya, sauran ta yi ta jefa wa fararen tsuntsayen teku suna cafkewa a iska. Wata gyatuma da ke gefenmu ta ja kumatunta, domin Turkawa ba sa iya ganin yaro su ƙyale kumatunsa. Sai na ga 'yarki ta kama hannun matar ta sumbata ta ɗora a goshi, yadda yaransu ke gaida manya. Ban koya mata ba. Matar ta tambaye ta 'yar ina ce. Na saurara, domin yarinyar da aka taho da ita a goye, Kano a waya kawai ta san ta. Ta miƙe tsaye ta ce ita 'yar Kano ce, kakarta na can, gwaggonta na can, kuma gwaggonta tsoron mage take yi. Yaya, rabin jirgin sai da ya yi salati. Wata ta ce a gaishe ki, Allah ya ba ki lafiya. Wani ya ce a kawo ki sati ɗaya kacal za su warkar da ke. Sunanki ya zagaye nahiya biyu kafin a ɗaure jirgi.

Dariya na yi, amma abin ya tsaya mini a rai. A gida yarinya mai shekara shida tana da gwaggo mai yi mata kitso tana zaginta, da taubasan da za su ƙwace mata alewa, da kakar da za ta ɓoye mata ƙanzo. A nan in ta dawo makaranta daga ni sai mamanta sai bango huɗu. Waɗancan magunan da take bi tana tambayar kwanansu, su ne dangin da take da su a layi. Shi ya sa ba na hana ta, ko da za mu kwana a hanya.

Abin da na ƙi yarda da shi guda ɗaya ne, shi ma a Kadikoy. Ta ja ni har unguwar Ziverbey wai sai na ga Tombili. Wata ƙatuwar mage ce da ta yi suna saboda yadda take kishingiɗa a gefen titi, ta dogara da hannu ɗaya, tumbi a gaba, tana kallon masu wucewa. Da ta mutu a 2016 dubban mutane suka sa hannu a takarda, aka ƙera mata mutum-mutumi na tagulla a daidai inda take zama. Wasu suka sace shi, gari ya ɗauki ɗumi, cikin 'yan kwanaki ɓarayin suka dawo da shi. Na ce wa Ummi ciyarwa lada ce, amma wannan an wuce gona da iri, mu ba ma yi. Ta amince, sannan ta zazzage sauran abincin jakarta wa wasu rayayyu guda biyu da ke gadin wurin.

Lahadi mai zuwa in Allah ya kai mu Eyub za mu, mu ziyarci kabarin Abu Ayyubal Ansari, sahabin da ya sauki Annabi a gidansa a Madina. An ce mini can ma rundunar maguna na nan a tsakanin kaburbura, don haka Ummi ta riga ta fara tarin kuɗi.

Yanzu ga saƙonta, na yi alkawarin ba zan rage ba. Ta ce in mun zo hutu a share mata ɗakin ajiyar Inna, a sa kwando da tsohon zane, za ta tara duk magunan layi, ke ce kuma za ki riƙa dama musu madara da asuba. Nawa saƙon ya fi sauƙi. Ki riƙa aiko mata da tatsuniya ta WhatsApp da muryarki, ko ta Gizo ce ko wacce kika ga dama, domin Hausarta ta fara karkata, kuma in ba a bakinki ba, ban san inda za ta ji irin ta gidanmu ba. Wani daga cikin 'yan Kwari zai taso ƙarshen wata, ki haɗo shi da kuka da daddawa da yaji, kuɓewa busasshiya ma in ta samu. Ki aiko mini da lambar takalman yaranki, kada ki ce in kintata, ƙafar babban na ji an ce ta kusa kamo ta Kawu.

A gaida Inna da kyau, a ce ta ci gaba da sa mu a addu'a, musamman Maman Ummi. A gaida maigidanki da Auta da duk wanda ya tambaye mu.

Ƙaninki,
Abban Ummi