Babin Neman Tuwo a Garin Gaya

Yana daga cikin al'amuran ban mamaki da Allah Ya jarrabi mutanen Yelu da su, cewa mutum yana iya fita daga gidansa da asuba, ya ratsa kurmin giginya da gonakin rake har ya isa Gaya bai ɓata hanya ko da taku guda ba, ya gama da ƴan duwan, ya daidaita da masu sito, ya canja sefa zuwa naira ba a cuce shi ko dala ba, amma da zarar azahar ta kawo jiki, ciki ya soma kiran ciroma, ya buɗe baki ya tambayi inda ake sayar da abinci mai kyau, to, a nan hikimarsa take ƙarewa, ya faɗa hannun masu ba da fatawa.

Magabatanmu ba su san wannan musiba ba. A zamanin da fatake ke tasowa daga Kano da Sakkwato su ƙetare kogi a ƙasar Dandi, su bi ta Kandi da Zugu har Salaga domin sayen goron Gwanja, madugu ya san zangon da zai sauke ayari, mai masauki kuwa ya san haƙƙin da ke wuyansa, kafin a gama kwance wa jakuna kaya akushi ya iso. Sai da aka gina gadar da ta haɗa Gaya da Malambil a 1958, manyan motoci suka riƙa hawowa daga Kwatano dare da rana, rumfunan abinci suka yawaita a bakin hanya, sannan wata jama'a ta bayyana wadda ba ta dafawa, ba ta sayarwa, sana'arta kurum ita ce nuna wa baƙo inda zai ci.

Farkon abin da ya wajaba matafiyi ya sani shi ne, a ƙasarmu magidanci ba ya cin abincin kasuwa, domin yin haka tuhuma ce ga uwargidansa, kuma abin faɗe ne ga surukansa. Saboda haka duk wanda ka tambaya sai ya fara da barrantar da kansa, ya ce, "Wallahi, Malam, ni a gida nake ci, ban san kan waɗannan wurare ba, sai dai na ji an ce akwai wata Hajiya bayan tasha." Daga nan wannan bawan Allah, wanda bai taɓa taka wurin ba, zai shaida maka cewa miyar ba ta nuna sosai sai bayan an sauko daga salla, cewa ka roƙi yarinyar ta luma ludayi ƙasan tukunya inda nama ke kwanciya, cewa kada ka zauna a bencin da ke jikin zana domin ƙafarsa guda a kan dutse take, kuma ran da aka sami giwan ruwa ka nemi wajen ciki, kada ka yarda a ba ka wutsiya. Ilimi irin wannan, in dai da gaske ta hanyar ji kaɗai aka same shi, lalle ya cancanci a kira shi karama.

In kuwa ka bi diddigin isnadin, ka tambayi wanda ya ji daga wanda ya ji, ba za ka tarar da ruwaya guda wadda ba ta tuƙe ga dangantaka ba. An ce da ɗan gari akan ci gari, amma ba a faɗa mana cewa ɗan garin yana da goggo mai tuwo ba. Ɗan kabu-kabu zai ɗauke ka a bayan babur, ya wuce da kai rumfuna masu ƙamshi kana haɗiyar yawu, kowacce ya yi mata jarahi: wannan manta na jiya ne, waccan ba ta wanke kwano, ta gaba kuwa ba ya son ya yi giba amma Allah Ya shirye ta, har ya kai ka ƙarshen gari, ya dire ka gaban wata tsohuwa wadda yake kira inna, ya karɓi kuɗin tafiya mai nisa, kuma kana zaune a zuba masa nasa kyauta, ladan kawo ka.

Malaman wannan fanni sun kasu mazhabobi. Mafi daɗewa ita ce ta masu cewa, inda duk ka ga manyan motoci sun yi jerin gwano, to, nan ne abinci mai daɗi, domin direba ya ci na Paraku, ya ci na Doso, ya san bambanci. Wannan ƙiyasi ne mai rauni, gama direba ba ya tsayawa inda miya ta yi daɗi, yana tsayawa ne inda aka riƙe masa takardu, kuma yana ci ne inda ake ba shi bashi har ubangidansa ya aiko da kuɗi. Daga watan Yuli na 2023, lokacin da aka rufe gada, motocin da ake kafa hujja da su suka yi ƙaranci, mazhabar ta rasa dalilinta, amma mabiyanta ba su rasa bakin magana ba.

Akwai masu ra'ayin cewa abinci na haƙiƙa yana tsallaken kogi, a Malambil, inda ake kirɓa sakwara da tabarya a gabanka, a kawo ta da miyar gyaɗa da wagashi, cukun nan na Fulanin Benin da ake soyawa. Ba mu musanta daɗinta ba. Sai dai tun da hanya ta koma ta jirgin kwale-kwale, mutum kan biya kuɗin fito zuwa da dawowa, da na yaron da ya riƙe masa takalmi, abin da ya ninka kuɗin sakwarar, ya dawo gaɓar Gaya da jiƙaƙƙen wando, yunwa kuwa ta riga shi sauka. Wasu kuma Kamba suke nufa, cikin jihar Kebbi, tun da darajar naira ta faɗi, inda mai jika guda, wato sefa 1000, kan karɓi damin takardu ya zauna gaban mai tsire yana ba da umarni da murya irin ta attajirai. Dattawa sukan tuna masa da Janairun 1994, sa'ad da aka kwana aka tashi sefa ta rasa rabin darajarta, amma mai nama a baki ba ya sauraron tarihi.

To, mu ɗauka baƙo ya tsallake duk waɗannan, ya sami rumfa ya zauna. Yanzu ne jarrabawa ta gaskiya za ta fara, domin mai abinci za ta dube shi, da babbar rigarsa da hularsa, ta ce, "Alhaji, na nawa za a zuba?" Shi kuwa, da yake ya riga ya lissafa kuɗin motar komawa, sai ya sunkuya, ya rage murya yadda ba mai ji sai ita da mala'iku, ya ce na dala arba'in. Sai ta juya ta ƙwala wa yarinya kira, yadda har masu facin taya a ƙetaren titi za su ji: "Ke! Zuba wa Alhaji shinkafa ta dala arba'in, ba nama!" Bai gama haɗiye wannan ba, ya kai loma ta biyu, sai ga sallamar wani mutumin Yelu, wanda shi ma a gida yake ci, ya shigo wai yana neman wani yaro. Shari'ar zumunci ta wajabta a ce masa bismilla, ladabi kuma ya wajabta masa ya ce, "Alhamdu lillahi, kawu, yanzu na tashi daga kan abinci," yana faɗi yana nannaɗe hannun riga, yana jawo butar wanke hannu. In an gama kuma sai a shiga jihadin biya, kowa na rantsuwa cewa shi zai biya, kowa na laluben aljihun da ya san babu kome a ciki, a hankali, da natsuwa, yana satar kallon hannun ɗan'uwansa, har mai abinci ta gaji ta yanke hukunci a kan mai babbar riga.

Masu zurfin tunani sun guje wa wannan duka ta hanyar sada zumunci. Sukan ƙulla muruci na dala goma da ɗan gishirin Foga a matsayin tsaraba, su auna rana, su yi sallama a ƙofar wani ɗan'uwa daidai lokacin da ake kwashe tuwo, su ce hanya ce ta biyo da su. Uwargida ta amsa gaisuwa da fara'a daga bayan labule, ta koma madafa ta ƙara wa miya ruwa. Ladan zumunci dai yana ga niyya, mu kuwa ba a ba mu ikon duba zukata ba.

Saura batun mashaya, Allah Ya tsare mu, wanda a kansa aka sami ijma'i cewa babu wanda ya san inda take. Ba a tambaya, ba a kuma nunawa, sai dai a yi gargaɗi. Dattijo zai ja ka gefe, fuskarsa cike da tsoron Allah, ya ce, "Ɗana, ina yi maka nasiha, in magariba ta yi kada ka kuskura ka bi lungun nan na hagu, ka wuce mai wankin babura, ka kai ƙofa ta uku mai koren ƙyaure wadda ake ƙwanƙwasawa ta gefe, domin abin da ake yi a can sai istigfari, wai har sun ƙara wa kwalba kuɗi a makon jiya." Wanda ya saurari wannan wa'azi da kyau ba ya bukatar ɗan jagora.

Masu tsananin kunya daga cikin waɗanda Shaiɗan ya rinjaya ba sa yarda su aikata a gida. Sukan ƙetare kogi zuwa inda ake sayar da sodabi da burukutu a fili, bisa zaton cewa a can babu idon sani, su manta cewa duk mai kunya irin tasu wannan lissafin ya yi. Sai mutum ya ɗaga labule ya yi arba da maƙwabcinsa, wanda suke sahu guda a masallaci, kowanne da kwalbar lemo a kan tebur domin shaida, da wata a ƙarƙashin kujera. Wannan ya ce ya shigo ne tambayar farashin masara, wancan ya ce zafin rana ne ya koro shi, ko da yake an yi isha'i. Washegari su haɗu a tashar Gaya, mota guda, kujera guda, kowanne ya cika baki da goro da kanumfari, su yi ta muhawara a kan tsadar takin zamani da makarar damina har a sauke su a Yelu.