Kafin Ka Sa Rigar, Wa Ya Harbe Ta?

Malam, kwantar da hankalinka, ba layarka na zo ƙwacewa ba. Bar ta a damtse inda take. Tambaya ce guda a bakina, kuma ba kai kaɗai zan yi wa ba, har da wancan ɗan bokon da ya koma gefe yana maka dariya. Abin nan da kowannenku ke bugun ƙirji da shi, wai harsashi ba ya huda shi, wa ya taɓa harbinsa kuna gani?

To, ga shi duk kun yi tsit. Mai guru ya ce malaminsa gadon abin ya yi tun kaka da kakanni. Ɗan boko ya ce ai an rubuta a jikin kwalin rigar, da Turanci ma kuwa. Ni dai ban ga wanda ya fi wani a cikinku ba, kowa da irin rubutun da ya ba gaskiya.

Na ji mai cewa, me ya haɗa mutumin Dutsen Abba da rigar soja, mu da tsadar taki ta hana barci? Sannu, manomi. Tun 1924 Defo ke nan Zariya, ana kai yaro a aske masa kai a mai da shi kurtu. Ga barikin Chindit, ga na Basawa, ga makarantar soja ta yara da aka buɗe a 1954. Ka bi layi daga Tudun Wada har ƙauyukanku, ka ƙirga gidajen da ke da ɗa ko ƙane ko suruki a cikin kaki, soja ne ko ɗan sanda, ka dawo mu yi magana. Yaron nan da aka tura Sambisa ko dajin Birnin Gwari, abin da ya shiga tsakanin ƙirjinsa da harsashi wani ne ya saƙa, wani ya ɗinka, ɗan kwangila ya kawo, wani jami'i ya sa hannu ya ce ya karɓa. In ɗaya daga cikin huɗun nan ya yi ha'inci, a ƙofar gidanku za a shimfiɗa tabarmar zaman makoki, ba a ofishin da aka sa hannun ba.

Alaramma kuma tun ɗazu yake gyaran murya. Na sani, Allah gafarta Malam, ajali in ya zo ko a cikin tankar yaƙi kake sai ya iske ka. Babu musu. Sai dai kai ne ka karantar da mu cewa ranar Uhudu, Manzon Allah (SAW) sulke biyu ya haɗa ya sa. Kai ne kuma ka fassara mana Suratu Saba'i, inda aka tausasa wa Annabi Dawuda ƙarfe, aka umarce shi ya yi sulke wadatacce, ya kuma daidaita awon saƙarsa. Ba a tsaya ga ya ƙera ba, har awo aka yi masa maganarsa. Ni ɗalibi ne, amma in wannan ba batun inganci ba ne, a gyara mini. Wa ya fi Annabawa tawakkali a cikinmu?

Kakanninmu ma ba da ƙirji tsirara suka riƙa fita ba. Tarihin Kano ya ce Sarki Kananeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya fara shigo da lifidi da kwalkwali da sulke, saboda ɓarnar rayukan da aka yi wa Kanawa a yaƙin Umbatu. Kanawa, na ga kun fara gyara zama kuna murmushi. Ku ƙarasa karatun tukuna. Littafin naku da kansa ya ce da sarkin ya ɗauko sababbin kayan nasa ya sauka Turunku, Zage-zagi suka fito suka kora shi gida. Abin da ya faru a karo na biyu kuwa ba shi ne darasinmu na yau ba, kada wanda ya tambaye ni.

Lifidin nan da kuke gani a Hawan Daushe kuna ɗauka ado ne, kayan aiki ne na gaske, kuma wanda ya ƙago shi ya san abin da yake tsoro. Kibiya mai dafi ba ta bukatar ta shiga da nisa, ta karce fata ma ta gama aikinta. Sai aka cusa auduga ko audugar rimi tsakanin ƙyalle biyu, aka bi da ɗinki layi-layi don kada cushen ya zube wuri guda, aka lulluɓe doki da mahayinsa. Kibiya ta zo da ƙarfinta, ta nutse cikin laushi, ta maƙale kafin ta kai nama. Sulke kuma na takobi ne da mashi. Kowane kaya da makamin da aka yi shi dominsa. Aibinsa ma an sani: nauyi, zafi, ga tsoron wuta, shi ya sa maharba kan kunna wa kibiya wuta su auna 'yan lifidi.

Sai makami ya canza, riga ba ta canza ba. A 1826 Baturen nan Clapperton yana cikin rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello lokacin da aka kai wa Gobirawa hari a Konya. Ya ba da labarin 'yan lifidi da sai an kama musu kafin su hau doki don nauyi, da kuma yadda bindiga daga cikin ganuwa ta kayar da na gabansu, harsashi ya ratsa shi da lifidin duka. Wannan bindigar ɗure ce ta wancan zamani. Bayan shekara saba'in da 'yan kai, a 1903, abin da ya tarbi mahayanmu a Kwatarkwashi da Sakkwato da Burmi bindigogi ne masu cin nisa, wani wurin har da mai ruwa. Ba jarumta aka rasa ba ranar, kuma layu ma ba su yi ƙaranci ba.

Yanzu bari in juyo kanka, ɗan boko, tunda ka gama dariyar. Ka ce rigar zamani ai kimiyya ce. Gaskiya ne. A 1965 wata masaniyar sinadarai, Stephanie Kwolek, ta kamfanin DuPont a Amurka, ta gano zaren da ake kira Kevlar. Ana jera saƙarsa fallaye da yawa, in harsashi ya bugo sai zaren ya kama shi ya watsa ƙarfinsa gefe-gefe. Dabarar lifidi ce dai ta dawo da sabon zare. Amma ka san cewa wannan riga mai laushi ta ƙaramar bindiga ce? Harsashin AK-47, wanda shi ne ke hannun ɗan bindigar daji, yana fita da gudun kusan mita 700 a daƙiƙa guda, kuma ratsa ta zai yi ya wuce abinsa. Mai tare shi sai faranti mai tauri, na ƙarfe ko na wani irin tangaran, da ake zurawa a aljihun gaba da na baya. Ka ga mutum sanye da baƙar riga mai aljihuna a shingen hanya ka ce ya tsira, alhali wata ba komai a cikinta sai soso. Tela ma na Tudun Wada zai ɗinka maka irinta kafin la'asar, kuma ɗinkinsa zai fi kyau.

Abin da ya raba rigar gaske da rigar fita kunya gwaji ne, kuma gwajin na da ƙa'ida a rubuce. A Amurka akwai hukumar NIJ, wadda ma'auninta ƙasashe da dama ke bi. Ga yadda suke yi. A ɗaura rigar a jikin tulin yumɓu na musamman, a harbe ta wuri shida da harsashin da aka san nauyinsa da gudunsa, wasu a miƙe, wasu a karkace. Kada ko ɗaya ya ratsa. Bayan haka a cire rigar a auna ramin da bugun ya yi a yumɓun, kada ya zarce milimita 44. Me ya sa? Don riga na iya tare harsashi amma bugun ya karya haƙarƙari ya taɓa huhu, a ɗauki mutum babu huda a jikinsa kuma babu rai. Ana tsoma rigar a ruwa rabin awa kafin harbi, don soja ba ya cewa a dakata da yaƙi sai an ɗauke ruwan sama. Tun gyaran da suka yi a 2008 kuma, sai an jefa wasu rigunan cikin wata ganga mai juyawa, kwana 10 cikin zafin digiri 65 da danshi, a tsufar da su da gangan, sannan a sake harbi.

Wannan ƙarin na ƙarshe da jini aka saye shi, kuma labarinsa ya fi komai kama da namu. Akwai wani Ba'amurke, Richard Davis, da ya kafa kamfanin Second Chance. Tallansa mai sauƙi ne: ya sa rigar, ya juya bindiga ya harbi kansa a gaban 'yan sanda, ya miƙe yana dariya. Ɗan tauri ne sak, sai dai babu kalangu. Ya yi haka sau da yawa, rigunansa kuma sun ceci mutane da dama. Daga baya kamfanin ya koma wani sabon zare na Japan mai suna Zylon, wanda ya fi sauƙin nauyi. Sabuwa fil ta ci gwaji lafiya lau. Ashe zafi da gumi da haske na cin zaren a hankali, ido ba ya gani. A 2003 harsashi ya ratsa irin rigar a jikin 'yan sanda biyu, ɗaya a Kalifoniya ya mutu. Kamfanin ya karye a 2004, a 2005 hukuma ta janye amincewarta da zaren. Ka ji, mai guru, ko wanda ya harbi kansa a bainar jama'a bai kafa hujja ba, balle malaminka da ya gwada a jikin bunsuru.

To in zafin Amurka ya yi wa zare haka, ina ga na Maiduguri a watan Afrilu, inda awo ke haura 40, riga ta kwana a kwantena ta wuni a bayan Hilux? Yawancin masu yin rigar nan shekara biyar suke lamuncewa. Farantin tangaran kuma in ya faɗi ƙasa da ƙarfi yana iya tsagewa ta ciki, sai an haska shi da na'urar hoton ƙashi za a gani. Ga nauyi, riga da farantanta kan kai kilo goma ko fiye. Soja ya yi tafiyar awa uku cikin rana da wannan kaya, zuciya za ta raya masa ya zare farantin baya ya huta. Rigar da mai ita ya tuɓe don zafi, ko ta ci gwajin duniya, ba ta tsare kowa ba. Shi ya sa ma'aunin da aka rubuta don wata ƙasa ba zai ishe mu ba sai mun ƙara namu a kai.

Kakin kansa ma abin dubawa ne. Yadin roba, irin su foliyesta da nailan, in wuta ta taɓa shi narkewa yake ya manne da fata. Sojojin ruwan Ingila sun ɗanɗana wannan a yaƙin Falklands na 1982, a 2006 kuma sojojin kundunbalan Amurka a Iraƙi suka hana sa irin waɗannan riguna in za a fita sintiri. Auduga na ƙonewa, amma ba ta narkewa. A yankin da nakiya ke tashi da mota, wannan ba ƙaramin bambanci ba ne.

Yauwa, na ambaci auduga, ga ɗan kishin ƙasa ya miƙe: a yi a gida kawai! Zauna, Yallaɓai, ina tare da kai rabin hanya. Kayan aikin ba su yi mana nisa ba. Cibiyar binciken noma ta Samaru ce ke fitar da irin auduga na SAMCOT. Jami'ar Ahmadu Bello ta daɗe tana koyar da kimiyyar zare da saƙa. Cibiyar fata ta NILEST na nan Samaru ga mai maganar takalmin soja. Masana'antar kayan yaƙi ta DICON na Kaduna tun 1964, a 2012 ma an buɗe sashen ɗinka rigar kare harsashi a can. A 2017 gwamnatin tarayya ta ba da umarnin a fifita kayan gida wajen saye, har da kaki da takalma. Duk da haka masaƙar Kaduna ta farko da aka buɗe a 1957 ta mutu, masaƙar UNTL ta rufe a 2007, unguwar masaƙu ta Kakuri ta yi shiru. Ɗinki a gida daban, zare daga gida daban. Kuma harsashi ba ya duba tambarin ƙasa kafin ya shiga. Rigar Kaduna da ta Turkiyya da ta Sin, duk yumɓu guda za a jingina su a kai.

Abin da nake nema bai kai kuɗin jirgin yaƙi ba. Ɗaki mai tsawo, bindigar gwaji, na'urar auna gudun harsashi, yumɓu, da mutanen da albashinsu ba ya hannun mai saye ko mai sayarwa. Duk kayan da aka kawo, jami'in gwaji ya shiga sito ya zaɓa da hannunsa, daga ƙasan tuli, ba wadda ɗan kwangila ya goge ya miƙo ba. A ɗinka wa kowace riga lamba da ranar da aka yi ta da irin harsashin da take tarewa, yadda kurtu mai sakandare zai karanta ya gane. Bayan shekara biyu a karɓo wasu daga bakin daga, da guminsu da ƙurarsu, a sake harbi. Sakamakon kuma a kai gaban majalisa.

Alhaji ɗan kwangila, na ga ka duba agogo. Ka ce wannan ɓata kaya ne, riga mai tsada a huda ta a banza. Lissafa mana: cikin dubu biyar da ka kawo, in an harbe ashirin, nawa ka yi asara? Ban ce a bi hanyar Davis a sa maka ita a jiki ba, na riga na faɗa cewa wannan ba hujja ba ce. Yumɓu za a harba. Kai dai ka zo ka tsaya a bayan gilashi, za a ba ka kujera da abin toshe kunne, takardar biyan kuɗinka kuma tana kan tebur, sai an auna ramin za a sa mata hannu.