Ƙwaryar Hajiya Ta Riga Ni Shiga Mujalla

Sana'ata haɗa kayan adon bango ce. Nakan ɗauki ɓarin ƙwarya, in lulluɓe bayansa da ƙyallen da aka rina a marinar Ƙofar Mata, in zagaye bakinsa da jar fata, in jera wuri da tsakiyar Bida, sannan in ƙarasa da saƙar kaba. Idan na rataye shi a bango, ni kaina sai in ja da baya in yi ta kallo. Surukata Hajiya kuwa, da muke gida ɗaya a cikin birnin Kano, suna ɗaya take kiran aikin gaba ɗaya: tarkace.

Kasuwa ce ta ƙi. Maƙwabta su shigo su yaba, su tambayi kuɗi, su ce "Allah ya sa albarka," su saka takalmansu. Ƙanwata da ke jami'a ce ta ce mini, "Yaya, masu sayen irin wannan ba sa bin lungu. A mujallar adon gida suke ganin abu, irin wadda ake bugawa a Legas, matan manya su ajiye a kan teburin falo." Tun daga ranar ban sake barci mai daɗi ba.

Na fara da tura hotuna ta WhatsApp, waɗanda na ɗauka da daddare ɗana yana haska mini da tocila. Shiru. Wata mujalla ce kaɗai ta amsa, ita kuma ko awa ba a yi ba, ta turo mini farashin shafi. Da na nuna wa maigida, ya daɗe yana duban lambobin, ya ce, "Wannan ai ragon layya ne har da kuɗin mahauci." Ashe shafin talla suke sayarwa, ba labarina suke so ba.

Ƙanwata ta zaunar da ni ta yi mini karatu. Hoto da safe ake ɗauka, a hasken rana mai laushi, a jikin bangon da babu kalanda. Ta imel ake turawa, domin WhatsApp yana matse hoto har ya kasa buguwa a takarda mai sheƙi. Editoci kuma suna tsara fitowar mujalla watanni kafin lokaci, wanda yake son fitowar sallah ba ana jajibiri zai ƙwanƙwasa ba. Uwa uba, suna son labarin kayan.

Labari kuwa na ba su har ya yi yawa. Na rubuta cewa marinar Ƙofar Mata tana ɗauke da shekarar 1498 a matsayin lokacin kafuwarta, kuma har yau da baba da toka ake rini a cikin ramuka. Na ce ƙoran daga Kasuwar Kurmi nake saye, wadda ta samo asali tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Na ce fatar jar akuyar Sakkwato ce irin wadda fatake suka riƙa ƙetara Sahara da ita, Turawa suka saya suna kiranta fatar Maroko. Na ce wurin nan da shi kakanninmu suke cefane kafin zuwan sulallan Ingila, tsakiyar kuma Masaga na Bida ne suke narka kwalba su yi ta. Sunan akuyar da aka feɗe kawai ban saka ba.

Sai ga amsa: za su turo mai ɗaukar hoto.

Gidanmu bai taɓa ganin shiri irin wannan ba, ko bikin autar Hajiya. Na sa aka yi wa falo fenti ruwan hoda. Na aro kujerun leda daga maƙwabta, yara shida suka shigo da su ta zaure da ƙyar, suna kankare bango. Na sayo furannin roba da labule mai walƙiya. Sannan na dubi jeren Hajiya, tsofaffin tasoshi da langa da fanteka, da faya-fayan da suka yi baƙi, da ƙoranta, na ce, "Hajiya, da za a ɗan matsar da su ɗakin shirgi, zuwa baƙon ya tafi."

Ta dube ni ta saman tabarau. "Matsar da su, 'yar nan. Allah ya ba da sa'a." Duk matar da ta zauna da suruka ta san irin wannan addu'ar.

Baƙon ya iso a watan Afrilu, lokacin da zafin Kano yake haura digiri 40, kuma tun asuba aka ɗauke wuta. Saurayi ne ɗan Legas, Hausarsa ba ta wuce ta gaisuwa da cinikin tsire ba. Ya leƙa falona, ya dubi fenti, ya dubi furanni, ya dubi labule, ya haɗiye yawu. Ya ce ciki ya yi duhu, a fito da kayan tsakar gida.

Muka jera su a rana. Shi yana ta haɗa ƙafafun kyamara yana murɗa wannan yana kwance wancan, rana kuwa tana aikinta a kan baƙin shuni. Wuri da tsakiyar nan duk da gam ɗin kyandir na manna su, irin wanda ake narkawa da 'yar bindigar lantarki. Can sai na ji ƙas. Wuri ɗaya ya faɗo. Kafin in sunkuya, ƙas, ƙas, ƙas. Kajin Hajiya suka ɗauka masara ake watsa musu, suka taho a guje, zakara a gaba. Yaran maƙwabta da suka cika zaure kallon baƙo suka faɗa wawaso, wani yana ihu, "Anti, na tsinci bakwai!" Babban aikina, wanda na sa wa kuɗi mafi tsoka, ya tsaya tsirara, fatar bakinsa ta saki tana lilo.

Na tura ɗana neman aron janareta, na shige ɗaki da kaya a zani ina ta salati. A nan ne Hajiya ta ga baƙo tsaye a rana yana ɗigar gumi, ta ce ba a gidanta za a bar ɗan mutane da ƙishirwa ba. Ta shiga ɗakin shirgi ta ɗauko ƙwaryarta, ta dama masa fura da nono, ta rufe da faifai ta miƙa masa da ludayi.

Ƙwaryar nan ta girmi maigida. Ta taɓa tsagewa daga baki har ciki, gyartai ya huhhuda gefe da gefe da basilla, ya ɗinke ta da zare, ɗinki ƙanana a jere, kowanne daidai da ɗan'uwansa. Shekaru da maiƙon nono sun mayar da ita ja-ja-wur mai duhu, bakinta ya sule inda hannu yake kamawa. Ni dai a idona abin kunya ce a gaban baƙo.

Da na fito riƙe da gam, sai na tarar da shi kwance rub da ciki a ƙasa, kyamara a hancin ƙwarya, fura ko kurɓa bai yi ba.

"Mama, wannan, wa ya yi?"

"Gyartai mana, ɗan nan. Sha furarka."

"Akwai wani?"

"A cike da ɗaki. Waccan ce ta ɓoye su."

Duk abin da na kwashe aka dawo da shi. Kujerun aro aka fitar da su rana. Ya zaɓi bangon zaure na ƙasa, wanda fentina bai kai ba, ya jera tasoshi da faya-fayai a jikinsa. Hajiya, wadda take cewa hoto aikin marasa abin yi ne, ta shiga ɗaki ta fito da mayafin da ta zo da shi daga Makka, har da kwalli. Ni aka ba wa aikin riƙe farin allon da ke mayar da haske.

Bayan watanni mujalla ta fito. Ƙwaryar Hajiya ta cinye shafi guda ita kaɗai. Faya-fayanta sun samu rabin shafi. Aikina yana shafin ƙarshe, can a kusurwa, gwiwar hannun Hajiya ta rufe rabinsa. Amma sun yi mini adalci ɗaya, lambar wayata suka buga.

Waya ta fara ruri. Wata Hajiya daga Abuja tana son dozin guda, "amma duk masu tsaga, don Allah." Na ce ina da masu wuri da tsakiya. Ta ce a'a, na ɗinkin dai.

Na shiga neman gyartai lungu-lungu. Da ƙyar na samu wani dattijo da ya ajiye basilla tun da robobi suka kori ƙwarya daga madafi, yanzu goro yake kasawa a bakin masallaci. Na yi masa bayani, ya saurara, ya ce, "To 'yata, ina fasassun ƙoran?" Babu. Wa yake ajiye fasasshiyar ƙwarya a zamanin nan? Haka na je Kurmi na sayo sababbi, lafiyayyu, na tara yaran gida na ce su fasa mini a hankali. Yaran da ake zane wa idan sun fasa ƙwarya, ga shi ana ba su alewa. Ƙaramin ya tambaye ni ko akwai tangaran ma.

Yau Baba gyartai ya ninka kuɗin ɗinki, ya sayi waya, wani lokaci ma sai ya ce mini layi ya yi tsawo. Hajiya tana karɓar la'ada a kan kowace ƙwarya, hujjarta ita ce tata ce ta buɗe kasuwar. Mujallar tana cikin jakarta, babu biki ko sunan da ba ta je da ita ba, kuma idan ta zo shafin ƙarshe sai ta ɗora yatsa ta ce, "Ga ma tarkacen matar ɗana nan." Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ni kuma ina zama gefen Baba ina koyon riƙon basilla, wurina da tsakiyata duk ɗinka su nake yi, gam ya koma gyaran silifas ɗin yara.

Saboda haka, 'yan'uwa mata, kafin ku ba 'yan gwangwan jeren iyayenku a musanya muku da bokitin roba, ku tsaya ku yi tunani. Wadda kuma take da fasasshiyar ƙwarya a gida, ina saye da daraja. Sai dai a neme ni kai tsaye, kada a biyo ta wajen Hajiya.