Tekun Kadawa

Duk shekara, da an shiga zangon karatu na biyu, sai an sami wani hedimasta a Kura ko Bunkure da ya ga hotunan Lekki a Facebook, ya tara iyaye ya ce bana ɗalibai za su je ganin teku. Ni ina cikin masu cewa a bar teku inda Allah Ya ajiye shi. Daga Kano zuwa Legas tafiyar kusan kilomita 1,000 ce, a motar da direbanta ke rantsuwa jiya-jiya aka yi mata garambawul. Kafin Zariya an cinye guzurin kwana uku, kafin Kaduna rabin aji na amai, malamin labarin ƙasa kuwa yana ta ƙirga kawuna, kowane karo da adadin da yake samu. In an isa gandun Lekki, wanda aka kafa a 1990, akwai gadar sama mai lilo, tsawonta mita 401, amma abin da yaro zai tarar a ƙarƙashinta fadama ce da birai masu fizge biredi. To, fadama ce ba mu da ita?

Tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ruwa ke gangarowa ta babban kanal yana shayar da dubban kadada a Kadawa da Kura da Bunkure ba tare da inji ya turo shi ba. Manomi ya cika tiyo da ruwa, ya toshe bakinsa da tafin hannu, ya jefa ƙetaren kunya, ruwa ya hau tudu ya sauka da kansa. Wannan darasin kimiyya ne da allo ya sha kasa koyarwa. Ga kacala ta toshe magudana, ga balbela na bin garma, ga jan-baki sun sauko wa shinkafa. In an kai ɗalibai can, tabbas wani zai bar takalminsa a taɓo, malam zai matsa baya don ya ɗau hoto ya ji shi tsundum har ƙugu. Amma wanda ya faɗa kanal a Kadawa zai bushe kafin azahar a gidan gwaggonsa. Wanda igiyar teku ta ja, sai dai a rubuta wa ma'aikatar ilimi takarda.

Za a ce ai yaran nan sun fi malamin sanin wurin. Haka ne, har ma zai tsaya yana rangaɗa sunan wani tsiro da Turanci, wani daga baya ya ce, "Malam, albasar babana kake takawa." Sai dai iya ninƙaya daban, sanin ruwa daban. Yaron da ke wanka a kanal kullum bai san ɗan dodon koɗin da ke manne a gefen siminti shi ke ɗauke da tsargiya ba, har yanzu wasu na ɗaukar fitsarin jini alamar balaga. Bai san ruwan da aka tare a Tiga shi ne wanda dausayin Haɗeja da Nguru ke kukan rashinsa ba. Ya ji labarin tsutsar da ta cinye tumatir a 2016, har kamfanin Dangote na Kadawa ya rasa abin niƙawa, amma ba wanda ya taɓa ɓare masa ganye ya nuna masa ramin da take yi.

Masu son teku za su ce ina ruwan da ba a ganin ƙarshensa, ina gishiri? A kai su Tiga ranar da hazo ya sauko, su nuna mini ɗaya gaɓar. Gishiri kuma, a leƙa gonar da ruwa ya daɗe yana kwanciya, za a ga kanwa ta fito fari fat, mai gonar na zaune ya yi tagumi.

Matsala ɗaya na yarda da ita. Aji guda ba ya ratsa gonar tumatir ya fito da baki a bushe, kuma mai gona ba ya karɓar "yara ne, Alhaji". Farashin kasuwar Kwanar Gafan zai yanka wa hedimasta, kwando-kwando.